Yadda Nomau Ya Kashe Ɓauren Ƙaya

An ce wai, ni dai ban gani ba, wanda ya ba ni labarin ma bai gani ba amma ya dafa ƙirji, an yi wani alƙali a garin Dutsin Gawo, can arewa inda rairayi ya fi ƙasa yawa, ana ce masa Malam Ilu. Mutum ne da ba ya gaggawa. In ka kai masa ƙara da hantsi, kada ka ce a ajiye maka abincin rana, ka ce na gobe. Amma in ya yanke hukunci, ko wanda aka kayar sai ya koma gida yana gyaɗa kai. Shekara ashirin yana kan buzun shari'a bai taɓa rasa bakin zare ba, sai ranar da aka kawo masa rigimar wata shuka.

Shukar nan ba 'yar ƙasar ba ce. Wani ɗan ayari mai suna Tanko ne ya zo da ita daga Tarabulus, ganye uku a jakar fata. Ku ji mutum fa. Abokan tafiyarsa sun dawo wa matansu da alharini da turare, shi ya dawo wa tasa da ƙaya. Ganyen kamar takalmi yake, ga faɗi ga kauri, ba reshe ba kara, ganye ne kawai ke hawa kan ganye, 'ya'ya kuma su jeru a bakinsa, wasu jajaye wasu ruwan ɗorawa. Larabawan can wai hindi suke ce masa. Mutanen Dutsin Gawo suka dube shi suka ce ɓauren ƙaya, suka ci gaba da harkarsu.

Tanko ya dasa shi ya zagaye lambunsa, ya zama shingen da ko akuyar da ta fi kowa taurin kai ba ta ratsawa. Da Allah ya karɓi ransa, lambun ya rage a hannun matarsa, Iya Tabawa. 'Yar tsohuwa ce, ba ɗa ba jika, lambun nan shi ne cinta, shi ne suturarta. Akwai rijiya a ciki da ba ta ƙafewa ko da bazara, ga albasa ga tattasai, ga 'ya'yan ɓauren da take ferewa ta kai kasuwa. Fatake da Buzaye ne masu saye. 'Yan gari kuwa tsoronsa suke, tun ranar da Sarkin Fawa ya gatsa guda da ɓawonsa ya yi mako ba ya magana. An ce iyalinsa ba su taɓa ganin mako mai albarka irin wannan ba.

To, jingine da shingen akwai gonar gero ta wani mutum, Nomau. Manomi ne na gaske, wannan ba wanda ya musa. Matsalarsa guda, zuciya. In ciyawa ta tsiro a gonarsa, gani yake da gangan ta yi.

Shi ne ya zo gaban alƙali ana saura kaɗan ruwa ya sauka, ya durƙusa, jijiyar wuyansa a tsaye.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, shekara uku ke nan ƙayar tsohuwar nan tana cin gonata. Shekarar farko guda goma na gani, na kashe su. Shekara ta biyu suka zama ɗari, na kashe su. Bana ban san adadinsu ba, wanda na sa ya ƙirga ya gaji ya tafi. Kuma ba tsirowa suke kamar ciyawar Allah ba. A jere suke, sahu-sahu, kamar masallata. Ciyawa ba ta yin sahu, Malam, sai an jera ta."

Alƙali ya tambaye shi abin da yake nema. Nomau ya ce shi ba mai son zalunci ba ne. Tunda ƙayarta ta ga gonarsa ta yi mata, to uwar ƙayar ta bi 'yarta. A yi musaya, ta ɗauki gonar, shi ya ɗauki lambun da rijiyar. 'Yan kallo suka ce wallahi magana ta yi ma'ana. Ba wanda ya tsaya tunanin abin da tsohuwa za ta ci a fakon da ba ruwa.

Aka aika dogari ya zo da Iya Tabawa. Ta shigo da fara'arta, har da ɗan ƙoƙo rufe da faifai, ta gaida kowa, ta gaida Nomau sau biyu. Da aka maimaita mata ƙarar, sai ta dubi alƙali, ta dubi Nomau, ta ce a sake faɗa, ƙila kunnenta ne. Aka sake. Ta ajiye ƙoƙon a hankali.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ni fa na ɗauka godiya aka kira ni a yi mini. Ai shi ya shuka abinsa. Kowace bazara ina jin sara a bayan shinge, na ce yaron nan iri yake ɗiba, yana so, nauyin baki ne ya hana shi roƙa. Sai na yi kamar ban ji ba. Da na ga ya fito masa sahu-sahu, har leƙawa na yi na ce, sannu ɗan nan, hannunka da albarka yake."

Nomau ya zabura ya ce ga shi nan, ta faɗa da bakinta, har ba'a ta bi shi da ita. Sara kam ya yi, bai ɓoye ba. Duk ganyen da ya leƙo gonarsa ya sare shi ya kashe. Amma tun da Allah ya yi duniya, yaushe sara ya zama shuka? Iya Tabawa ta ce a'a, ganyen ake dasawa, kuma sai an shanya shi a inuwa kwana bakwai, in ba haka ba ruɓewa yake, haka marigayi ya koya mata. Saboda haka dole Nomau ya shanya ya dasa, sai dai in ya manta. Nomau ya ce shi ko wandonsa bai cika shanyawa ba, balle ƙaya. A kawo Alƙur'ani ya dafa. Ita ma ta ce a kawo, ita ba ta taɓa sa ƙafa a gonarsa ba.

Nan fa Malam Ilu ya ga ta kansa. Ya san Nomau, mafaɗaci ne amma ba ya ƙarya. Ya san Iya Tabawa, ko kazar maƙwabta ta yi ƙwai a gidanta sai ta mayar. Ga mai gaskiya ga mai gaskiya, kowa na neman rantsuwa a kan kishiyar maganar ɗan'uwansa. Ya hana a kawo Littafin, ya ce ba za a halaka wani a zaurensa a kan ganye ba.

Ya juya wajen muhutinsa, malamin da ke duba masa littattafai. Muhuti ya buɗe babin shuka, ya ce shuka ta wanda ya shuka ce, amma nan ba a san wanda ya shuka ba. Ya buɗe babin reshen da ya tsallaka katanga, ya ce abin ba shi da reshe. Can ya buɗe babin ɓarnar dabbobi, ya ce tunda abin yana tafiya da kansa, ko a ɗauke shi a matsayin akuya? Alƙali ya tambaye shi ƙafa nawa gare shi. Muhuti ya rufe littafi.

A bakin zaure kuwa an riga an gama shari'a. Wani ya ce aljanu take aikawa su dasa mata. Wani ya ce ai tsohuwar da ke cin ƙaya ta kwana lafiya, a bincike ta. Wata mai tallan fura ta ce ita da idonta ta ga ganye guda yana rarrafe. Aka tambaye ta ina, ta ce a mafarki, amma sarai ta gan shi.

Alƙali ya ce gani ya kori ji, a tafi gonar.

Aka ɗunguma. Suna isa bakin shinge, Malam Ilu ya ga wani jan ɗan ɓaure ya nuna yana sheƙi, ya dudduba bai ga wata ƙaya a jikinsa ba sai 'yan ɗigo-ɗigo kamar gashin jariri. Kafin Iya Tabawa ta buɗe baki ya kai hannu ya cafke. Jama'a, ilimi daban, ɓauren ƙaya daban. Manyan ƙayoyin da ke jikin ganye masu mutunci ne, suna nuna kansu. Na jikin ɗan su ne munafukai, ba ka ganinsu sai dai ka ji su. Alƙali ya yarfe hannu, ya goga a riga, rigar ta ɗauka. Ya shafa gemu don ya nutsu, gemun ya ɗauka. Muhuti ya zo taimako, shi ma ya samu rabonsa. Aka rasa mai cewa sannu, kowa na tsoron dariya ta riga sannun fita.

Iya Tabawa ce ta jiƙa ƙaro ta shafa masa a tafin hannu, ta bari ya bushe, ta ɓamɓare, ƙayar ta biyo. Tana yi tana yi masa faɗa kamar jikanta. Wai ba a tsinkarsa da rana tsaka, sai da sassafe raɓa na kansa, lokacin ƙayar ta yi laushi ba ta tashi. Ba a sa hannu, da tsagaggen kara ake murɗo shi. A zuba a rairayi, a birkita da tsintsiya har ya yi sumul, a yanke kai da gindi, a tsaga ɓawon a buɗe kamar riga. Ta yi hakan a gabansa ta miƙa masa. Ya yi bisimilla ya kai baki. Sanyi kamar ruwan randa, zaƙi kamar an ɗiga zuma a kankana. Ya ce a ƙaro guda, don tabbatar da shaida.

Daga nan ya shiga gonar Nomau. Abin kuwa kamar yadda aka faɗa, sahu-sahu. Ya bi layi guda har ƙarshe, ya dawo ta wani. Ya lura duk a kan kunyoyin bara suke, inda garma ta tara ƙasa, babu ko ɗaya a cikin kwari. Ya sa sandarsa ya tona gindin guda, ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya mayar da ƙasar da ƙafa. Ya juya suka kama hanyar gari.

Kafin su dawo gari labari ya riga su. An ce tsohuwa ta ba alƙali abin nan ya ci, har biyu, ta kama bakinsa, shari'a ta ƙare. Muhuti ya kawo masa maganar yana soshe-soshe. Malam Ilu ya ce, "Na ji. Yanzu ko gaskiya na faɗa da bakin nan, za a ce ɓaure ne ke magana. To bari mu bar ƙasa ta faɗa, ita ba ta ci komai ba."

Washegari da hantsi ya tara mutane a filin bayan gidansa. Ya sa aka yanko ganye biyu daga shingen, girmansu ɗaya, aka ja layi a tsakiyar filin. Ya ba Iya Tabawa guda ya ce ta dasa, ta yi duk iyawarta ya rayu. Ya ba Nomau guda ya ce ya kashe, ya yi duk iyawarsa ya mutu, daidai yadda ya saba kashewa a gonarsa. Bayan kwana arba'in a dawo.

Nomau ya ce shi bai gane ba, lambu ya zo nema ko aiki? Amma da ya ga ganyen a ƙasa sai zuciyar ta motsa. Ya tuɓe riga, ya zare adda. Ya sara, ya sake sara, yana yi yana ambaton shekara ukun da ya yi asara, sai da ya yi masa gunduwa tara. Sannan ya karɓi garma, ya jera gutsattsarin, ya ja kunya ya binne su, kamar yadda kowane manomin kirki ke yi wa ciyawa lokacin huɗa don ta ruɓe ta zama taki. Ya bi da ƙafa ya tattake. 'Yan kallo suka ce kai, wannan ko maciji ne ya mutu.

Iya Tabawa kuwa ta ɗauki nata ta jingine a inuwar katanga ta tafi gida. Aka ce tsufa ne, ta manta abin da aka sa ta. Sai rana ta bakwai ta dawo, ta soka gindinsa a ƙasa, ko ruwa ba ta ba shi ba. Aka zagaye filin da dangar kara, aka sa dogari gadi, aka hana kowa shiga, har alƙalin.

Kwana arba'in ɗin nan ba wanda ya san me ake jira. Ruwa ya sauka sau biyu. Nomau ya fara zagaya lambun yana auna inda zai sa rumfa. Iya Tabawa ta daina zuwa kasuwa, ta wuni a bakin rijiya tana kallon albasarta, ta ƙulle 'yan komatsanta a tsumma don kada ranar ta zo mata ba shiri. In an tambaye ta sai ta ce ita har yau ba ta san laifin da ta yi ba, amma tana roƙon a yafe mata shi.

Ranar da aka cika, gari ya taru, aka buɗe danga. A ɓangaren tsohuwa, ganyenta na tsaye da ɗan toho guda a kansa kamar kunnen ɓera. A ɓangaren Nomau, kan kunyar da ya tattake, toho bakwai ne kore shar, a jere, sahu guda.

Nomau ya matsa ya ƙirga, ya koma ɗaya gefen ya sake ƙirgawa, ko za su ragu. Ya ce ai ya kashe shi, kowa ya gani. Alƙali ya ce kowa ya gani. Can baya wani ya ce asirinta ne ya bi ta ƙarƙashin danga. Malam Ilu ya juya ya tambaye shi, wace irin mai asiri ce za ta ba abokin shari'arta bakwai ta bar wa kanta ɗaya? Mutumin ya ce shi ma ji ya yi an faɗa.

Alƙali ya sa dogari ya tono guda. Ga gutsuren ganye a ƙasa, ga sawun adda a jikinsa, ga saiwa ta fito fara sol. Ya ce irin wannan ya gani a gonar ranar da ya tona.

Sannan ya gyara zama ya ce, "Nomau, ba ka yi ƙarya ba, ba ka taɓa niyyar shuka shi ba. Iya, ke ma ba ki yi ƙarya ba, shi ya shuka. Ciyawar ƙasarmu in an sare ta an binne, ta mutu. Wannan baƙo ne, a garinsu haka ake dasa shi. Shekara uku kana yi masa hidimar da ko mai shi ba ta yi masa, ka yanka masa iri, ka ja masa kunya, ka rufe shi da ƙasa mai laushi, shi kuma bai ci amanarka ba. Tsohuwar nan shekara talatin tana fama, shinge guda ta samu. Kai a shekara uku ka cika gona. Ban taɓa ganin manomin ɓauren ƙaya kamarka ba. Shari'a ta ce shuka ta wanda ya shuka ce. Lambu da rijiya na Iya ne, ba mai taɓa su. Abin da ke gonarka naka ne, da 'ya'yan da ƙayar."

Iya Tabawa ta tambayi na kusa da ita ko an ce ta tashi ne. Aka ce an ce ta zauna. Ta sa gefen mayafi ta share ido, sannan ta ce ita abin da ya fi ɗaure mata kai, ashe ko ba a shanya ba yana fitowa, shekara talatin marigayi ya sa ta jiran kwana bakwai a banza.

Saura maganar irin da aka ɗiba a shingenta ba izini. Alƙali ya tambaye ta me take so a kai. Ta ce ai ta yafe tun saran farko, tunda ta ɗauka so yake.

Nomau dai na durƙushe, baki buɗe. Can ya ce, "Allah gafarta Malam, don Allah a fahimtar da ni. Ni na ci shari'ar nan ko ni aka ci?"

Alƙali ya ce, "Ka zo neman lambu guda, ka tarar kana da wanda ya fi shi girma. Je ka tambayi Iya yadda ake cinsa. In kuma har yanzu kashe shi kake so, ita za ka tambaya, don mun ga iyakar taka dabarar."

Ya kuwa tambayi yadda ake kashe shi, a nan gaban mutane, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce a tumɓuke shi ɗungurungum a ɗora kan dutse inda ba zai taɓa ƙasa ba, ko a babbake ƙayar a wuta a yanka wa awaki, suna so. Sannan ta ce, "Amma ɗan nan, me ya yi maka?"

Rabin gonar ya tumɓuke ya mayar da geronsa, awakinsa suka yi bazarar da ba su taɓa yi ba. Rabin ya bari, don ya gaji. Bayan shekara biyu ɓauren ya yi 'ya'ya har ganye na rinjaya. Aka riƙa ganin Nomau da sassafe da tsagaggen kara da tsintsiya, tsohuwa na bayan shinge tana ba da umarni. Ranar da ya fara ɗanɗanawa ta gargaɗe shi kada ya wuce biyar, 'yan ƙwayayen ciki suna ɗaure ciki. Nomau ne fa. Ya ci talatin. Abin da ya biyo baya ba na cikin taro ba ne, amma kwana uku ana ganinsa yana zagaya bayan gari yana dawowa da butarsa cike. Har ya mutu yara na kiransa Sarkin Noman Ƙaya, in ya biyo su da gudu manya su ce ai alƙali ne ya naɗa shi.

Shi ya sa masu hankali suka ce, kafin ka ɗaga adda a kan abin da ka ƙi, tambayi yadda ake dasa shi. Wanda bai san abin da ke raya maƙiyinsa ba, shi zai yi masa noma, ya kuma kai maƙwabci ƙara.